Gwiwar Hannun Auta

Ni dai tun farko ba na son wasan kurket, kuma har gobe ba zan so shi ba. Wasan da za a shanya mutane a rana tun hantsi har la'asar, a jefa ƙwallo ɗaya a tsaya ana shawara, ina daɗinsa? Amma ƙanwata Auta da shi ta ci abinci shekara biyar. Sunanta ya shiga jarida, fuskarta ta fito a talabijin, dole na san shi yadda mutum ke sanin ciwon da ke cikin gidansu. Yanzu tana wani kanti tana sayar da takalman gudu. Shekarunta ashirin da biyar. In ka gan ta durƙushe tana gwada wa mutum takalmi, ba za ka ce ta taɓa sa filin wasa ya kaure da ihu ba.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani yadda ni ma aka yi mini. Ana kafa sanduna uku a ƙasa. Mace ɗaya ta tsaya a gabansu da katako tana tsaronsu, wata ta taho da gudu ta jefo ƙwallo ya daki ƙasa ya taso. In mai katako ta make shi ya yi nisa, ta ci maki. In ta kuskure ya daki sandunan, ta fita, wata ta shigo. Auta mai jifa ce. To jifan nan yana da wata doka, kuma ita ce ta ci mu. Ba a yin jifa irin na korar kare. Hannu a miƙe zai kewayo ta saman kai. Ba a yarda a lanƙwasa gwiwar hannu sannan a fizge ta ta miƙe lokacin sakin ƙwallo ba. Wadda ta yi haka, a wurinsu maguɗi ta yi.

Babanmu mai gyaran firji ne. Shagonsa a bakin titi yake, mu kuma muna haya a ɗakuna biyu da ke bayansa. Tsakanin shagon da ɗakunan akwai wani dogon lungu, siriri, rufaffe, inda Baba ke jingine firjin da suka mutu murus masu su suka ƙi zuwa ɗauka. A saman lungun wani bututun ƙarfe ya ratsa daga bango zuwa bango, shi ke kai wa masu hayan bene ruwa.

Auta tana ajin farko na sakandare wata malamar motsa jiki ta kawo musu wasan. Ta dawo gida da wani tsohon ƙwallo wanda jar fatarsa duk ta koɗe. Ta ja ƙofar wani mataccen firji ta jingine a ƙarshen lungu, ta zana mata layi uku da jan farcena, sabo fil, ko sau ɗaya ban shafa ba. Ranar ta sha rankwashi. Tun daga nan kunnenmu bai sake hutawa ba. Dum! Dum! Kafin makaranta, bayan makaranta, ranar hutu kuwa wuni guda.

Mama ta leƙo ta ce, "Auta, don girman Allah ki ji tausayin kaina!"

Baba daga shago ya ce, "Ƙyale ta mana. Firjin ai ya riga ya mutu, me ya rage masa?"

Lungun ba shi da faɗi. In ta taho da gudu daga ƙofar ɗakinmu, wurin da za ta saki ƙwallon daidai ƙarƙashin bututun nan yake faɗowa. Tana ƙarama hannunta ba ya kai masa. Sai ta fara tsawo. Mu duka gajeru ne a gidan, ita kaɗai ta ɗebo tsawon kakanmu. Wata rana ta shigo da yatsu jina-jina, ta buge bututun. Lokacin na fara aiki a kantin magani, ni na wanke na ɗaure mata. Na ce ta matsa gaba ko baya mana. Ta ce in ta matsa gaba ta yi kusa da firjin, in ta ja baya babu wurin gudu. Ta fasa yatsun nan ya fi a ƙirga, sannan wata rana aka daina ganin jini. Muka ɗauka ta koyi hankali ne. Ashe hannun ne ya nemo wa kansa hanya, ya ɗan sunkuya ya wuce ƙarƙashin bututun, sannan ya fizgu ya miƙe. Ba wanda ya koya mata, ita kanta ba ta san tana yi ba.

Daga nan ƙwallon ya fara wani abin mamaki. Ya faɗi nan, maimakon ya tafi gaba sai ya yi tsalle gefe. Ya fasa wa Mama filas biyu. Ya sami Baba a ƙwauri yana fitowa da kofin shayi, ya riƙe ƙafa yana dariya yana cewa, "Ke, wannan ƙwallo naki da aljani a ciki!"

Abin da ya biyo baya kamar wasa ya zo. Daga ƙungiyar makaranta aka ɗauke ta ƙungiyar gari. Tana shekara goma sha tara wata babbar ƙungiya ta ba ta kwantiragi, da albashi, da ɗaki a masaukin 'yan wasa, da jaka mai taya wadda aka rubuta lambarta a jiki. 'Yan jarida suka sa mata suna Katantanwa, saboda yadda ƙwallonta ke juyawa. Ta canza wa Mama katifa, ta saya wa Baba gilashin karatu na gaske ya jefar da wanda yake ɗaure da waya. Baba, mutumin da ko ciwon haƙori bai taɓa sa ya rufe shago ba, ya riƙa sa kwaɗo a ƙofa yana bin mota zuwa filin wasa.

Ranar da na fara zuwa kallonta na tafi ina mita, rana ta buɗe, kujerun roba sun yi zafi. Sai aka miƙa mata ƙwallo. Wata ƙatuwar mai katako ta tsaya tana taunar cingam, ta kai duka da dukkan ƙarfinta, ta daki iska, ƙwallon ya zagaya ta bayanta ya tsige sanda. Matar ta juya tana kallon sandunan sakato. Ban san lokacin da na hau kujera ina ihu ba. Na riƙe wata mata da ban taɓa gani ba ina girgiza ta, ina cewa, "Ƙanwata ce! Uwa ɗaya uba ɗaya!"

Ga abin da har yau ke ci mini rai. Daga malamar makaranta zuwa kocin gari zuwa na babbar ƙungiya, mutum nawa hannun yarinyar nan ya wuce ta gabansu? Wai duk ba su gani ba. Ƙarya suke, wallahi. Ni ban san doka ba, Baba bai sani ba, amma su aikinsu ke nan. Sun gani suka kau da kai, don tana ciyo musu wasa. Har wani koci ya taɓa ce mata ta riƙa sa riga mai dogon hannu, wai ta fi yi mata kyau. Ita kuma sakarya ta ji daɗi, ta zo tana ba ni labari.

A shekararta ta uku aka nuna wani babban wasansu a talabijin. Ta fitar da mutum biyar. Masu sharhi suka riƙa maimaita jifanta a hankali, a hankali, har sai da kowa ya ga gwiwar tana lanƙwashewa tana miƙewa. Kafin mu gama murna alƙalan wasa sun kai ƙararta.

Ni na raka ta wurin gwaji, wani ƙaton ɗaki mai sanyi a wata jami'a. Suka ba ta riga marar hannu, suka manna mata wasu fararen maɓallai tun daga kafaɗa har wuyan hannu, kyamarori sun kewaye ta. Ta yi ta jifa. Daga baya wata likita ta juyo mana da kwamfuta. Babu Auta a ciki, sai zanen ƙashin hannu yana juyawa shi kaɗai. Likitar ta ce doka ta yafe lanƙwasa ta digiri goma sha biyar, nata ya haura ashirin da biyar. An dakatar da ita daga jifa sai ta gyara ta dawo an sake gwadawa.

Auta ta ce, "Amma ni ban taɓa nufin cutar kowa ba."

Likitar ta ce, "Na yarda. Na'urar ce ba ta auna nufi."

Muka shiga mota ni da Auta. Ta riƙe gwiwar hannun da ɗaya hannun har muka iso gida.

Mutane kuwa, Allah ya shirye su. Waɗanda jiya ke tsayar da Baba a hanya suna neman hoto da Auta, su ne suka fara. Wani ya kawo gyaran firji, ya jingina da ƙofa yana murmushi ya ce, "Mai gyara, ashe 'yar taka maguɗi take yi? To Allah ya sa ba gado ba ne." Baba mutum ne da abin alfaharinsa ɗaya a duniya: bai taɓa cire wa mutum sabon inji ya sa masa tsoho ba. Ya tura firjin mutumin waje da kansa, ya ce ya kai wani wuri.

Da yamma ya kira Auta ya ce ta yi jifa a lungu yadda ta saba, yana so ya gani da idonsa. Ya tsaya a gefe, ya sa gilashinsa. Ta yi sau ɗaya, ta yi sau biyu. Ya kalli hannunta, ya ɗaga kai ya kalli bututun, ya sake kallon hannun. Sai ya shiga shago ya fito da zarto.

Mama ta ce, "Baban Auta, lafiya?"

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya taka wani firji ya hau yanka. Ruwa ya ɓalle ya jiƙe shi sharkaf, ya cika lungu, ya shiga ɗakinmu har ƙarƙashin gado. Masu hayan bene suka sauko da sabulu a jiki suna masifa, mai gidan da muke haya ya zo yana kumfar baki. Baba yana tsaye a ruwa da guntun bututu a hannu, abu ɗaya yake ta faɗa: "Shekara da shekaru ina wucewa ta ƙarƙashinsa. Shekara da shekaru." Da wani ne ya ba ni labarin nan da na yi dariya. Ni kuka na yi. Tun daga ranar bai sake taka filin wasa ba.

Ƙungiya ta haɗa ta da wani tsohon koci don ya gyara mata hannu. 'Yan wasa suna kiransa Malam Miƙe, don kalmar da ya sani ke nan. Ba mugu ba ne, aikinsa yake yi. Ya ɗaure mata hannun da wata roba mai tauri daga damtse zuwa tsintsiyar hannu yadda ko ta so ba zai lanƙwashe ba, ya sa ta a cikin raga, ita da kwandon ƙwallaye. Sauran suna tafiya wasa a motar ƙungiya, ita tana nan tana jifan sandunan da ba kowa a gabansu, shi kuma yana bayanta yana "Miƙe! Miƙe!" Ya kafa mata sharaɗi: kada ta kuskura ta yi jifan da, ko sau ɗaya, ko da wasa, ko ita kaɗai a ɗaki. Ya ce jiki ba ya riƙe hanya biyu, sai an kashe ɗaya ɗayar za ta zauna.

Da wata ce, da ta ɗan saci jiki ta yi a ɓoye, ko don kada ta manta. Ba Auta ba. Yarinyar nan in aka ce mata kada, to kada ne. Robar ta goge mata fata har ta yi gyambo, nakan je ƙarshen mako da magani in wanke mata. Ta rame. Na ce, "Ke, wai dole ne? Ki dawo gida mana, ki koma karatu."

Ta ce, "Yaya, in na bari yanzu, abin da mutumin nan ya faɗa wa Baba ya zauna ke nan."

Kusan shekara ta yi a haka. Aka sake gwaji, hannu ya fito a miƙe sambal. Baba ya karɓi sakamakon ya manna a bangon shago daidai inda duk mai shigowa zai gani. Ya riƙa tare mutane, har waɗanda ba su tambaya ba, yana cewa, "An wanke ta. Likitoci ne suka auna. 'Yata ba ta maguɗi." Muka sayi lemo, muka raba wa maƙwabta har da mutanen bene.

Kash. Ta koma wasa, ƙwallo ya ƙi juyawa. Ya faɗi ƙasa ya tafi ɗoɗar inda kowa ke tsammani. Matan da a da suke tsoro in ta karɓi ƙwallo, yanzu har rige-rigen fuskantarta suke. Suka yi ta jibgarta. Wasa biyu, uku, aka mai da ita benci. Aka kawo wata sabuwa daga makaranta aka ba ta gurbinta. Aikin Auta ya koma sa riga mai ruwan ɗorawa ta ruga fili da gorunan ruwa da tawul in an tsaya hutu. Na taɓa zuwa na tarar da ita tana riƙe wa sabuwar yarinyar hula. Na koma bayan motoci na zauna, don kada ta ga fuskata.

Kwantiraginta zai ƙare da ƙarshen kakar wasa, kuma ba wanda ya yi mata maganar sabuntawa. Wasan ƙarshe a wani ƙaramin fili aka yi shi a bayan gari, babu talabijin, 'yan kallo ba su cika benci uku ba. Sabuwar yarinyar ta ji ciwo a yatsa, aka sa Auta. Ta kira ni ta ce in zo. Na roƙi Baba mu tafi tare, ya ce yana da aiki.

Wasa ya zo ƙarshe, saura jifa shida, abokan hamayya suna neman maki goma sha huɗu. Sauran masu jifa duk sun cinye rabonsu, sai Auta. Manajan ƙungiya yana zaune a inuwa da baƙin gilashi. Ta yi na farko, hannu a miƙe, aka make shi ya gangara har igiyar ƙarshen fili, maki huɗu. Ta yi na biyu, aka sake, huɗu.

Sai kyaftin ɗinsu ta tako daga bayan sanduna. Babbar mace ce, ta girme su duka, ita ce mai cafke ƙwallo, ta daɗe tana durƙusawa jifan Auta tun zamanin da yake jifa. Ta dafa kafaɗarta, ta kare baki da safar hannu ta yi mata magana. Auta ta girgiza kai. Kyaftin ta sake magana. Auta ta tsaya tana kallon ƙasa, sannan ta juya ta koma wurin da take faro gudu.

Ni na girma ina kallon hannun nan a lungu, na san shi kamar nawa. Tana tahowa na ga kafaɗar ta sauka, na ga gwiwar ta karye. Na ce inna lillahi. Ta fizge ta saki.

Ƙwallon ya tafi a sanyaye, ya faɗi, bai juya ko taku ɗaya ba. Mai katako ta tako gaba ta ɗauke shi sama, ya haye katanga ya faɗa cikin motoci. Maki shida. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu biyu, ya cire hularsa, aka tashi. Bai ga komai ba. Ba wanda ya ga komai. Manaja ya miƙe ya kaɗe wando ya tafi wurin motarsa.

Na jira ta a bakin ƙofa. Ita ce ta ƙarshen fitowa, tana jan jakarta. Muka taka har tasha. Sai da mota ta ɗauki hanya ta ce, "Kin gani?"

Na ce, "Na gani."

"Kyaftin cewa ta yi babu kyamara a nan. Wai in yi na da sau ɗaya, in na fitar da matar za ta iya yi mini magana wurin manaja." Sannan ta ce, "Na lanƙwasa, Yaya. Da gangan. Ina sane."

Na ce, "To ai ba wanda ya kula."

"Ba shi ba ne. Na neme shi ban same shi ba. Na lanƙwasa yadda nake yi, yatsuna ba su san abin da za su yi ba. Babu shi. Sabon bai zo ba, na da ɗin kuma ya tafi." Ta jingina kai da gilashi. "A da ko ana ce mini mai maguɗi ina iya kallon idon kowa. Yanzu fa?"

Na riƙe mata hannu kawai. Tausayinta ya cika ni, da haushin kyaftin, da na Malam Miƙe, da na duk wanda ya taɓa tafa mata.

Ana kiran magariba muka iso. Shago a buɗe, Baba ya durƙusa bayan wani firji da tocila a baki. Aikin da ya ce yana da shi, tun safe firjin nan ɗaya ne, ko murfin injin bai kwance ba. Ya ji ƙarar tayar jaka ya cire tocilar.

"Kun dawo? Yaya aka yi?"

Auta ta ce, "An cinye mu, Baba. Ni aka ci a kaina. Ba za su sabunta ba."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ɗago ya dube ta ta saman gilashi.

"Hannun fa? A miƙe?"

Ta kalle ni. Na kalli ƙasa.

Ta ce, "A miƙe, Baba."

Fuskarsa ta washe, irin washewar da na daɗe ban gani ba. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Shi ke nan, Auta. Su riƙe ƙungiyarsu. Kin shiga da gaskiyarki kin fita da gaskiyarki, ni wannan ya ishe ni." Ya miƙa hannu ya dafa kanta, ya ce Allah ya yi mata albarka.

Ta ce amin. Ya mai da tocila baki ya koma bayan firjin yana ɗan waƙa a hanci. Ita kuma ta ja jakarta ta shige ciki.